Daga Dogo Nini zuwa duwatsun Fika: Wa ya tuna da mai keke?

Da an sallame sallar asuba a Dogo Nini, tun masu shayi ba su gama hura gawayi ba, ƙarar da ke fara ratsa layi ita ce ta sarƙar keke. Ga dattijo da fartanya ɗaure a kariya ya nufi gona. Ga ɗalibi da jakar littattafai a baya, ga mai burodi da akwatin katakon da ya fi shi faɗi, ga wani ya ratayo jarkokin ruwa huɗu, biyu dama biyu hagu, yana taka feda a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A cikinsu babu wanda ya fito motsa jiki. Kowa neman abinci ne ya fito da shi.

Dogo Nini ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Potiskum a Jihar Yobe, garin da bakin Bahaushe ya saba kira Fataskum. Duk Nijeriya an san garin da abu biyu: kasuwar shanun da ke ci ranar Laraba, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da kuma tireloli da manyan motocin dakon kaya. Ba a cika ambatonsa ba idan ana zancen keke. Ni kuwa keken ne ya kai ni.

Dalili shi ne abin da nake gani a Abuja. Ranar Asabar da sassafe, a manyan titunan Maitama da Asokoro da hanyar filin jirgin sama, za ka ga ayarin mahaya kekunan tsere sanye da hular kwano da matsattsun kaya, wasu a kan keken da kuɗinsa ya fi albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci. Cikinsu akwai daraktoci, akwai hadiman manya, akwai waɗanda likita ya ja wa kunne kan hawan jini ko ciwon suga. Kukansu ɗaya ne kullum: ina za a sami hanya mai tsit, mai hawa da gangara, mai inuwar itatuwa, irin wadda suke kallo a talabijin lokacin gasar kekuna ta Faransa? Na so in gani ko muna da irinta a gida. Muna da ita. Abin da ya rage mata kuma, galibinsa a teburan Abuja ake yanke shi.

Shekara goma babu babur

Kafin a hau hanya, ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi keke ya sake kafa sarauta a wannan yanki, domin labarin ba na daɗi ba ne.

A daren ƙarshe na shekarar 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi na jihohi huɗu, Potiskum tana ciki. A farkon 2012 gwamnatin Yobe, ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Gaidam, ta hana hawa babur, saboda a kansa 'yan bindiga ke zuwa su yi kisa su ɓace. Maiduguri ta riga ta ɗauki wannan mataki tun watan Yulin 2011. Shekarun da suka biyo baya mutanen Potiskum ba za su manta da su ba: harin kasuwar shanu a watan Mayun 2012, kisan ɗalibai a makarantar sakandaren Mamudo a watan Yulin 2013, da bam ɗin da ya tashi a wajen taron safe na ɗaliban makarantar kimiyya ta garin a watan Nuwamban 2014.

A cikin wannan hali ne dubban 'yan acaɓa suka wayi gari ba sana'a, manomi ya rasa abin da zai kai shi gona, malamin makarantar ƙauye ya rasa abin da zai kai shi aji. A-daidaita-sahu ta cike wani giɓi a cikin gari, amma ba ta shiga burtali, ba ta kuma zuwa a kuɗin talaka idan tafiya ta yi nisa. Dole, in ji masu magana, uwar na ƙi. Sai aka koma ɗakunan ajiya aka fiddo tsofaffin baƙaƙen kekuna, irin Raleigh ɗin da a da ake haɗawa a Bompai ta Kano, waɗanda iyayenmu ke yi wa ado da jan tufa da madubi biyu. Aka shigo da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, ga kuma na gwanjo masu giya da ake saukewa daga Turai da Japan. Masu gyaran babur da yawa suka koma ɗaure waya da faci.

Sai bayan kimanin shekara goma gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage dokar, daki-daki. Babur ya dawo, jama'a suka yi murna, aka ɗauka keke zai koma inda ya fito. Ba a jima ba, ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wanda ya sayar da kekensa don murnar dawowar babur ya yi da-na-sani. Abin da tsoro ya tilasta jiya, tsada ta tabbatar da shi yau. Akwai matasa a Potiskum da suka tashi tun daga firamare har suka yi aure ba su san wani abin hawa nasu na kansu ba sai keke, kuma ƙafarsu ta san hanya fiye da duk wani mai keken miliyoyi da na sani a Abuja, har da ni.

Kudu da gari

Hanyoyi da yawa ne suka haɗu a Potiskum. Akwai ta Azare zuwa Kano, akwai ta Damaturu zuwa Maiduguri, akwai ta Kari da Darazo zuwa Bauchi, akwai ta Gashuwa da ta yi arewa. Mai son ransa ba ya neman hutu a kan ukun farko, domin nan ne tireloli ke tsere dare da rana. Wadda na zaɓa ita ce ta kudu, wadda ta nufi Fika, ta zarce Ngalda a bakin kogin Gongola, ta shiga Jihar Gombe. Daga Potiskum zuwa Fika tafiyar sama da kilomita 50 ce. Mai matsakaicin ƙarfi, wanda ke cin kilomita 15 zuwa 20 a awa, zai yi ta cikin awa uku ko huɗu, har da tsayawa shan ruwa.

Lokacin hunturu na tafi, kuma duk mai niyya ina ba shi shawarar ya yi haka, ko kuwa ya bari sai kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta bushe ba. A watan Afrilu zafin wannan yanki yana wuce digiri 40, wanda kuwa ya hau keke da tsakar rana a lokacin ba jarumta ya yi ba. Da damina kuma ruwa kan ci gefen kwalta, wani lokaci ya yanke hanyar ɗungum a wajen kwalbatoci.

Kilomitocin farko ba su da wani abin ba da labari. Fili ne shimfiɗaɗɗe, gonakin gero da dawa da wake da an riga an girbe, karan an tara shi tsibi-tsibi, shanu na kiwo a cikin sauran. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai tafiya kudu tana tura shi ta baya, ya riƙa jin kansa wani gwani. Kada ya ruɗu. Bashi ne yake ci, da yamma zai biya.

Sannu a hankali ƙasar ke sauya hali. Potiskum tana zaune ne a kan wani tudu mai faɗi na dutsen yashi, wanda masana ilimin ƙasa suka sa wa sunan Kare-kare, wato sunan mutanen yankin. Idan aka yi kudu, tudun yana fara tsagewa yana gangarawa zuwa kwarin Gongola. Mai mota ba zai lura ba, sai dai ya ji direba ya sauya giya. Mai keke kuwa cinyarsa ce ke ba shi labari. Hanya ta ɗan hau, ta sauka cikin wani kwari mai rairayi inda rafi ke bi da damina, ta sake hawa. Jar ƙasa ta fara bayyana a gefe. Can gaba, cikin hazo, sai ga duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai sun tsaya ɗaiɗai kamar an yanke musu ƙoƙuwa da wuƙa.

A nan ne na gane bambancin keken birni da na ƙauye. Nawa mai giya ne, idan hawa ya zo sai in sassauta, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba tare da nauyi ba. Haka ake koyarwa: kada ka jira sai hawa ya kama ka kafin ka sauya giya, kada kuma ka miƙe tsaye kana kokawa da feda tun daga gindin tudu. Amma wani magidanci da muka jera da shi na ɗan lokaci, a kan baƙin keke mai giya ɗaya, da buhun gero rabi a kariya, ba ruwansa da wannan karatu. Tun daga gangara yake tara gudu, ya haye rabin tudun da shi, inda ƙarfin ya ƙare ya sauko abinsa ya tura, ba kunya ba gaggawa. A ƙwanƙolin tudun muka sake haɗuwa. Ni ina haki, shi yana gyara hula.

Shirun hanyar shi ne abin da ya fi kama ni. Akan yi minti biyar, wani lokaci fiye, ba a ga mota ba. Kana jin kukan kurciya, kana jin tayarka tana murza tsakuwa, kana jin sallamar mai tafiya a ƙasa tun kafin ka iso shi. A kan keke ba a wuce mutum ba gaisuwa. Yara suna biyo ka da gudu suna dariyar hular kwano. Matan Fulani da ƙoren nono a ka suna ratsewa gefe. A ƙauyukan bakin hanya za ka ji ana Karai-karai, gaba a ji Bolanci ko Ngamo, Hausa kuma tana haɗa kowa a wajen mai shayi. Na sha bin wannan yanki a mota da gilashi a rufe, ban taɓa sanin yana da ƙamshi ba sai ranar: hayaƙin kara, ƙurar shanu, da wani ɗanyen ƙamshin ganye a cikin kwari.

Inuwar da ke tafiya a buhu

Wanda ya zo neman kurmi irin na Kudu ba zai samu ba. Dajin nan na itatuwa ne a warwatse: kuka da tsamiya da ɗorawa a cikin gonaki, marke da ƙirya a kan tuddai, kanya da magarya a bakin rafi, sai dogon-yaro da aka shuka a bakin garuruwa. A wasu gangaren duwatsun itatuwan sun yi kauri har suna rufe ƙasa. A wasu kuwa kututture ne kawai ya rage.

Ba sai an gaya maka inda suka tafi ba, domin kana haɗuwa da su a hanya. Buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran mota. Itacen girki an ɗaure shi dami-dami. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, da yawa a kan keke ake fito da su daga daji, buhu biyu ko uku a kariya, mai keken yana tafe yana rangaji. Ba zan zarge shi ba. Gas da kananzir sun fi ƙarfin gidaje da yawa a Potiskum da Damaturu, wani gawayin ma har manyan birane yake kaiwa, ƙila har da wanda ake gasa mana nama da shi a lambunan shaƙatawa na Abuja. Shi kuma yana da baki bakwai ko takwas a gida.

Sai dai mai keke ya fi kowa sanin darajar inuwa. Mai mota yana da na'urar sanyi, mai babur yana da gudu. Wanda ke tafiya da ƙarfin jikinsa kuwa yana auna hanya ne daga wannan tsamiya zuwa waccan. Yobe tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda ke da hukuma sukutum a Abuja, amma hankali ya fi karkata ga arewacin jihar inda rairayin hamada ke cin gonaki a Yusufari da Yunusari. Kudancin, da yake har yanzu da sauran kore, ana ganin kamar ba ya cikin gaggawa. A ganina nan ne ma ya fi sauƙin ceto, tunda kare itacen da ke tsaye ya fi arha a kan rainon dashe.

Fika

Garin Fika yana kwance ne duwatsu na kallonsa. Tsohon gari ne na Bolewa. Kafin su sauko nan a farkon ƙarni na 19, mazauninsu yana kan dutsen Daniski, inda tsayi ke ba su kariya a zamanin yaƙe-yaƙe. A 1924 Turawan mulki suka mayar da hedikwatar masarautar zuwa Potiskum saboda tana kan babbar hanya, shi ya sa har yau fadar Mai Martaba Sarkin Fika, Alhaji Muhammadu Abali Ibn Muhammadu Idrissa, take a Potiskum ba a Fika ba, abin da kan rikita baƙo. Ba nisa daga nan, ta yamma, akwai Gadaka, cibiyar Ngamo kuma hedikwatar masarautar Gudi, wadda ita ma daga sunan dutse ta samo suna.

Wato hanya ce ta ɗauke wa Fika sarauta shekara ɗari da suka wuce, kuma wannan rashi shi ne ya bar mata shirun da na zo nema. Na zauna a gindin wata bishiya na ci ƙosai da kunu, na cika gorunan ruwa, ina kallon kekunan da aka jingine a bakin kasuwa. Na fara ƙirga su, na bari.

Kada in yi wa mai karatu ƙarya, hanyar ba aljanna ba ce. Tsaro ya inganta ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun baya, amma ba a hawa da dare, ba a ratsewa daji ba tare da ɗan gari ba, kuma ya kamata baƙo ya tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin ya fita. Akwai shingayen jami'an tsaro, a riƙe katin shaida. Babbar barazanar da na gani da idona kuwa ba ta ɗan bindiga ba ce.

Taku biyu na kwalta

A wani gangare, wata babbar mota ta taho ta bayana, wata kuma ta gaba. Direban bai rage gudu ba, oda kawai ya danna. A irin wannan hali mai keke ba shi da zaɓi sai ya sauka daga kwalta. Inda na sauka ruwan damina ya riga ya zaizaye gefen, tsakanin kwalta da ƙasa akwai kusan taƙi guda. Allah Ya kiyaye, ban faɗi ba. Da buhun gero ne a bayana, ko yaro, da labarin ya sha bamban.

Wannan shi ne abin da mahaya keke na karkara ke fuskanta kullum. A ƙa'idar aikin hanya, bayan layin da motoci ke bi, akan bar wani fili a kowane gefe, a daddale shi, a shafe shi da kwalta ko da marar kauri ce. Amfaninsa uku: motar da ta lalace ta samu wurin tsayawa, ruwa kada ya ci gindin titi, mai keke da mai tafiya a ƙasa da mai amalanke su samu inda za su bi. Amma shi ne abu na farko da ake zaftarewa idan kuɗin kwangila ya gaza, shi ne kuma na ƙarshe da ake tunawa idan an zo gyara. Ana cike ramin tsakiya saboda manya na bi ta kai a mota. Na gefe ba mai kai ƙararsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A Faransa doka ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya tsakaninsa da mai keke a cikin gari, mita ɗaya da rabi a bayan gari. A nan, direban tirela yana ganin oda ita ce iyakar haƙƙin da mai keke ke da shi a kansa. Wanda aka buge a ƙauye kuma sau da yawa ana binne shi kafin la'asar, ba tare da sunansa ya shiga kundin kowa ba.

Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, an kuma buɗe ɓangaren Azare zuwa Potiskum a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Aiki ne mai amfani, ba mai musu. Amma hanya mai kyau gudu take ƙara wa mota, idan kuwa ba a yi wa mai keke tanadin inda zai bi da inda zai tsallaka ba, gyaran ya zama nasa ne hasara.

Ba yau aka fara wannan magana a Abuja ba. Tsofaffin ma'aikata za su tuna da marigayi Cif Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri a gwamnatin Obasanjo, wanda ya dage sai 'yan Nijeriya sun koma hawa keke. A 2001 ya hau nasa zai tafi taron Majalisar Zartarwa, wata bas ta ture shi cikin kwata. Aka yi ta dariya, masu zanen barkwanci suka samu abin yi. Ni kuwa ina ganin ba a taɓa yin gwajin da ya fi wannan bayyana gaskiya ba: idan minista da 'yan rakiyarsa bai tsira a titin babban birni ba, ina ga mai jarka huɗu a hanyar Fika? Ba a ɗauki darasin ba. A 2017 Majalisar Sufuri ta Ƙasa, a taronta na Sakkwato, ta amince a gwada amfani da keke a matsayin hanyar sufuri a Abuja. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa takan fito da jami'anta a kan kekuna duk ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke. A ɗauki hoto, a raba riguna, washegari kowa ya koma motarsa.

Kuskuren, a nawa ganin, shi ne kullum ana ƙoƙarin shawo kan wanda ba ya hawa keke ya fara hawa, an manta da miliyoyin da ke kai tun asali. Ba wanda ke buƙatar ya je Dogo Nini ya yi wa'azin amfanin keke. Abin da suke buƙata yana cikin takardun da masu karanta wannan shafi ke rubutawa da dubawa: injiniyan Ma'aikatar Ayyuka da ke tantance zanen hanya, jami'in Hukumar Gyaran Hanyoyin Tarayya da ke jera abin da za a gyara bana, hadimin ɗan majalisa da ke tsara ayyukan mazaɓa, da mai sa hannu kan harajin shigo da taya da sarƙa da tiyub. Layi ɗaya a cikin takardar kwangila, wanda ya ce a shafe gefen titi taku biyu a kuma kula da shi, ya fi jawabin ranar keke goma.

Ƙafafun da ba a gwada ba

Akwai kuma wata hasarar da ba a lissafawa. A 2024 Biniam Girmay, ɗan Eritiriya, ya lashe zango uku a gasar Faransa, ya kuma tafi da koriyar riga. A watan Satumban 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karon farko da aka yi ta a Afirka. Burkina Faso tana gudanar da gasarta ta zagaya ƙasa tun 1987. Waɗannan ƙasashe ba su fi mu kuɗi ba. Abin da suke da shi shi ne jama'ar da keke ya zame musu ƙafa, sai kuma wasu suka tsaya suka duba cikin masu dakon kaya da 'yan makaranta suka zaƙulo masu gudu. Da yawa daga cikin 'yan tseren Ruwanda na farko da dakon kaya da fasinja a keke suka fara.

Mu kuwa muna da zauren tseren keke a filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, galibin ma'aikatan da ke wucewa ta gabansa kullum ba su taɓa leƙa cikinsa ba. A gasar Olamfik ta 2024 a Faris, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a wannan mataki, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin zaure. Ina tuna wannan ne a lokacin da wasu samari biyu suka wuce ni a wani hawa kusa da Fika, a kan kekunan gwanjo, da silifas a ƙafa, suna hira. Ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo. Tsere daga Potiskum zuwa Fika da dawowa zai haura kilomita 100, da hawa da gangara da iska, abin da ake bukata kuwa bai wuce rufe hanya na rabin yini da motar asibiti da 'yar kyauta ba. Ana kashe fiye da haka a walimar buɗe taro guda.

Ga ma'aikacin Abuja da ke son gwadawa, ba sai ya sayi keken miliyoyi ba. Na gwanjo mai giya da taya mai ɗan kauri ya fi siririyar tayar tsere dacewa da hanyoyinmu. Ya riƙe famfo da tiyub na sauyi da ruwa fiye da yadda yake zato, ya sa riga mai haske, ya fita da asuba. Likitoci na cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wannan tafiya guda ta biya har da ragi. Idan Yobe ta yi masa nisa, duk hutun da ya je gida, ko Zariya ce ko Katsina ko Gombe, akwai irin wannan hanya a bayan garinsu, kuma akwai ɗan'uwa da zai ara masa keke.

Da azahar ta gota na juyo. Iskar da ta yi mini rakiya da safe yanzu ta tsaya a gabana, hanyar kuma hawa ce a hankali har Potiskum. Abin da na ci cikin awa uku sai da ya nemi biyar. Wajen rabin hanya tayar baya ta sace, ƙayar aduwa ce ta shige ta. Na tura zuwa ƙauye na gaba, inda na tarar da mai faci a gindin dogon-yaro da kwanon ruwa da guntun tiyub da gam. Ya zare ƙayar ya nuna mini, ya nutsa tiyub ɗin a ruwa har kumfa ta nuna ramin, ya kankare, ya liƙa, ya buga iska. Kekuna uku na jiran layi a bayana, ɗaya da buhun gawayi, ɗaya da yarinya zaune a kariya tana riƙe da allo. Na biya shi abin da bai kai kuɗin ruwan gora a ofishinmu ba.

Ana kiran magariba na shigo gari. Tireloli sun kunna fitilu sun jeru a bakin hanya, shanun da za a loda zuwa Kudu suna kuka a cikin wasu. Tsakaninsu da kwata, a ɗan siririn filin da ya rage, masu keke suna komawa gida ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu ba fitila. Na bi sahunsu har Dogo Nini.